Kujerar da Yaya Ta Ajiye Mini

Litinin, 2 ga wata, bakwai saura na safe

Yaya ta kira tun ban gama shan shayi ba, da muryar nan tata mai laushi wadda take yi wa marasa lafiya da ni. Wai mawaƙan cocinmu za su yi taron waƙoƙi ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga wata, da yamma, kuma dangi duka za su zo. Ƙaninmu Auta zai ɗauko Inna daga gida, ya zo da matarsa da yaransa. Har ta sa an ajiye mana layi guda na kujeru.

"Kuma Uwarki za ta yi waƙa ita kaɗai," in ji ta. "Ita aka zaɓa."

'Yar da na haifa, na sa mata sunan mahaifiyata, shekara goma sha tara ina kiran ta Uwata, yau a bakin Yaya nake jin labarinta. Na ce madalla. Ta ce, "Abin da za ki ce ke nan?" Na ce shayina yana hucewa.

Tun Lahadin nan yarinyar take gidan Yaya. Ba zan rubuta abin da ya faru Lahadin ba. Na san shi, kicin ɗina ma ya san shi.

Laraba, 4 ga wata, takwas na yamma

Uwata ba ta kira ba.

Juma'a, 6 ga wata, lokacin hutun rana, a shago

Shugabar matan coci ta kawo tabaraunta, hannu ɗaya ya saki. A garin nan shagon tabarau ba ɗaya ba ne, amma sai namu ta ga dama, kuma sai da ta bari abokiyar aikina ta fita sannan ta shigo. Ta zauna ta ɗora jaka a cinya kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa.

Ina ɗaure mata 'yar ƙusar, tana yi mini labarin gwajin waƙa. Wai jiya ta leƙa, ta ji muryar Uwata sai da tsigar jikinta ta tashi. "Ga babanta kuma a kan piyano," ta ce, "kamar da can. Kai, jini ba wasa ba."

Ko ƙusar ban saki ba. Ina so a san wannan. Na gama, na goge gilashin, na ɗora mata a hanci, na tambaye ta ko ya zauna daidai. Ta ce ya ɗan matse ta. Na ce zai saki da kansa.

Ashe ba a waya kaɗai suke magana ba, ya dawo. Ashe har sun mayar masa da kujerarsa.

Asabar, 7 ga wata, sha ɗaya na safe

Na wanke labulen falo. Ba su yi datti ba.

Lahadi, 8 ga wata, biyar na yamma

Ban je sujada ba, gidan Yaya na je bayan sun taso. Takalman Uwata suna bakin ƙofa, ɗaya a kife, yadda take barin su kullum. Saura kaɗan in sunkuya in gyara. Na tsallake.

Yaya tana kicin tana yanka albasa. Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Zauna mana tukuna."

"Tun yaushe kika san yana nan? Tun yaushe take ganin sa?"

Ta ci gaba da yanka. Albasar da za ta ishi gida uku. Can ta ce, "Ubanta ne, ƙanwata."

Na ce na san ko wane ne, ai ni na aure shi. Ni ce kuma na tsaya a bakin taga shekara huɗu da suka wuce ina ƙirƙiro wa yarinya ƙarya kan inda ya tafi. Ina Yaya take lokacin? Ta ce tana nan, kuma na sani. Gaskiya ne, tana nan, ta kwana gidana wata guda. Shi ya sa abin ya fi ciwo, amma ban gaya mata haka ba.

Sai ta ajiye wuƙar ta ce, "Ke kika ce mata ta zaɓa, ko ke ko shi."

Ba haka na faɗa ba. Ko da kalmomin sun yi kama da haka, ba haka nake nufi ba, kuma yarinyar da ta zauna a cikina ya kamata ta san bambanci.

Ƙofar ɗakin baƙi a rufe take. Na ji motsi a ciki, na ji ƙarar gado. Na ɗaga murya da gangan na ce zan tafi. Na daɗe ina neman makullin da yake hannuna. Ƙofar ba ta buɗe ba.

Talata, 10 ga wata, shida da rabi na safe

Na sake dafa shayi na mutum biyu. Na zubar.

Alhamis, 12 ga wata, bakwai na yamma

Fasto ya aiko saƙo, wai yana so mu ɗan yi magana. Na san maganar. Gafara. Abin mamaki, duk wanda ya zo mini da zancen gafara, ba shi aka bari da hayaniyar maƙwabta ba. Na amsa masa cewa aiki ya yi yawa. Ya turo hoton hannaye biyu a haɗe. Ban san me zan yi da su ba.

Yaya ma ta kira sau biyu. Ta bar saƙo cewa kujerata tana kusa da tata. Ko da kujerar zinariya ce.

Asabar, 14 ga wata, tara na safe

Su Inna sun iso jiya. A gidana aka sauke Inna saboda gidan Yaya akwai matakala, gwiwoyin Inna kuwa sun daina shiri da hawa. Da aka sauke Inna sai Auta ya ce ai ba a raba shi da uwarsa, shi ma ya shigo da jakunkuna. Matarsa ta mamaye kicin, ta canza wa gishiri wuri. Yaransa sun mayar da kujerar falo filin tsalle. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son baƙi.

Ɗakin Uwata na ba Inna. Ta shiga, ta duba gadon a gyare, ta duba ni, ta zauna. Kallon Inna ya fi faɗanta nauyi.

Lahadi, 15 ga wata, takwas na yamma

Auta ya kusa kashe ni da dariya yau, kuma na ji haushin kaina. Muna cin abinci ya tuno lokacin da aka sa shi cikin mawaƙan yara, malamin waƙa ya saurare shi sau ɗaya ya ce masa, "Kai dai riƙa motsa baki, Ubangiji ya san zuciyarka." Ya tashi ya gwada mana yadda ya yi shekara biyu yana buɗe baki ba sauti, har da lumshe ido da dafa ƙirji. Inna ta ce ai a gida ma da ya riƙe wannan dabarar da ta huta. Matarsa ta sarƙe da ruwa, sai da na bubbuga mata baya.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Sai na juya gefen hagu don in ga ko Uwata ma tana dariya. Ɗan Auta ne a kujerar.

Na tashi na kwashe kwanuka.

Talata, 17 ga wata, shida na yamma

Uwata ta zo gida ina shago. Ta san lokacin aikina sarai, ai ita take kawo mini abinci da.

Inna ce ta gaya mini, tana tsefe kai ko kallona ba ta yi. Wai ta zo ɗaukar farin takalminta na waƙa. Ta ci abinci a tsaye. Ta zauna a bakin gado ta matsa wa kakarta ƙafa.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce gwiwata ta kumbura."

"Ni fa, Inna?"

"Ta tambaya ko kina cin abinci."

"Me kika ce?"

"Na ce kina cin mutane."

Auta ya fashe da dariya daga falo. Ni ban ga abin dariya ba. In tana son sanin ko ina cin abinci, lambar wayata ba ta canza ba.

Laraba, 18 ga wata, bakwai na safe

Ba zan je ba. Na gama magana.

Alhamis, 19 ga wata, bakwai da rabi na yamma

Na gaya musu a teburin abinci, a fili, don kada a ce na ɓoye. Na ce ba zan zauna a layin gaba kamar hoton bango ina tafa wa mutumin nan ba, coci duka tana leƙen fuskata.

Matar Auta ta ce, "Yaya, ai ba don shi za a je ba." Na ce ta bari ta yi shekara ashirin da aure tukuna sannan ta koya mini. Ta sunkuyar da kai. Bai kamata in faɗa mata haka ba, ba ta yi mini komai ba sai canza wa gishiri wuri. Amma ya riga ya fita.

Inna ta gama taunar abin da ke bakinta a hankali. Ta ce, "To, ni ma ba zan je ba."

Auta ya ce, "Haba Inna, duk tafiyar nan da muka yi?"

"Wannan ce ta san yadda ake riƙe ni in zan tashi. Kai jan hannuna kake yi kamar akuya, yayarku kuma addu'a take yi maimakon ta ɗaga ni. In ba ta je ba, a gaya wa takwarata kakarta ta zo gari ta zauna a ɗaki."

Tsohuwar nan ta san abin da take yi. Tun muna yara haka take, ba ta tilasta maka, sai dai ta zauna a bakin ƙofar da za ka bi.

Juma'a, 20 ga wata, lokacin hutun rana

Na goge shuɗiyar rigata da safe. Don Inna ne.

Lahadi, 22 ga wata, shida na safe, kafin gida ya tashi

Zan rubuta na jiya yadda ya faru, ba ƙari.

Mun isa da wuri saboda Inna. Yaya tana bakin ƙofa tana rarraba mutane kamar ita ta gina cocin. Ta rungume ni, na bar ta ta gama. Layinmu ya cika taf: Inna a bakin hanya don ƙafarta, ni, Yaya, mijinta, Auta da iyalinsa, sai 'yan uwan Inna biyu da ban san an gayyato ba, waɗanda rabona da su tun jana'izar Baba. Ɗayar ta kama kumatuna ta ce na rame. Ɗayar ta ce a'a, ƙiba na yi. Suka shiga musu a kaina, ina zaune a tsakiya. Inna ta fito da alewa daga jaka ta bi layi da ita, kowa ya ɗauka, har mijin Yaya mai ciwon sukari, Yaya ta fizge daga hannunsa ta jefa a bakinta.

Ban yi niyyar jin daɗi ba, amma an yi shekaru ba mu zauna a jere haka ba, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga ƙamshin man da Inna take shafawa tun ina yarinya.

Sai mawaƙa suka shigo cikin fararen riguna. Shi ya fito ta ƙofar gefe ya zauna gaban piyano. Ya yi furfura. Tabaraun da ke fuskarsa a karkace yake, duk wanda ya gyara masa bai san aikinsa ba. Bai dubi layinmu ba. Na duba bayan coci sau ɗaya, ban ga waccan da ya bar mu dominta ba. Ko ba ta zo ba, ko ta san inda za ta ɓuya, ko kuma abin da ake faɗa cewa sun rabu gaskiya ne. Ba ruwana.

Sun iya waƙa, ba zan yi musu ƙarya ba. Da suka ɗauko tsofaffin waƙoƙin yabo, masu kaurin murya suka shigo daga baya, sai da bencin ya yi rawa a ƙarƙashina. Inna ta bi su da ƙarfi, tana gaba da su da rabin layi, kuma ba a kan muryar da suke ba. Yaya ta taɓa ta ta bayana, Inna ta ce, "Kafin a haifi mai kaɗa musu hannun nan nake rera ta." Auta kuwa ya miƙe tare da jama'a yana buɗe baki ba sauti, ya dafa ƙirji, yana satar kallona. Na cije leɓe har ya yi zafi. Yaya ta gani, ita ma kafaɗarta ta fara rawa, muka haɗa ido kafin in tuna ba na yi da ita.

Sannan Uwata ta fito gaba.

Ta rame, ita kam da gaske. An yi mata kitson da ba ni na zaɓa ba. Piyano ya fara, ya zo wurin da za ta shiga, ba ta shiga ba. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Cocin ya yi tsit. Na ji hannuna ya damƙe gwiwar Inna mai ciwo.

Na ɗauka ni za ta duba. Tun tana ƙarama in ta rikice a gaban mutane ni take nema.

Shi ta duba. Bai tsaya ba, ya sake zagayowa da kiɗan a hankali kamar dama haka aka tsara, ya ɗan gyaɗa mata kai. Ta ja numfashi ta shiga.

Ban san yadda zan rubuta muryar ba. Na san ta tana waƙa a banɗaki, tana waƙa tana wanke-wanke har in ce ta rage mana. Wannan wata ce daban, babbar mace ce take waƙa, kuma ban san ranar da ta zama haka ba. Su biyun sun yi aikin nan tare, yamma bayan yamma, a lokacin da take ce mini tana wurin ƙawarta. Abin ya yi kyau. Da ma bai yi ba, da na san inda zan ajiye fushina.

Yaya ta miƙo mini hankici. Ban karɓa ba. Na yi amfani da gefen mayafin Inna.

Da aka tashi aka taru a farfajiya ɗaukar hoto. Yana tsaye can gefe kusa da motoci. Auta ya je ya ba shi hannu, a gabana. Shi kuma ya matso ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa masa da "lafiya" guda ɗaya, busasshiya, ta juya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ni bai yi gigin zuwa inda nake ba.

Uwata ta ratso mutane, kowa na jan ta. Ta tsaya a gabana da farin takalmin a hannu, ta riga ta canza. Ta ce, "Mama, kin zo."

Na ce, "Kakarki ce ta ja ni."

Na ga abin da ya yi wa fuskarta. Akwai maganganu da yawa a bakina, wannan ce ta riga fita. Mai hoto ya ce a matso, aka tura ta tsakanina da Yaya. Kafaɗarta tana jikina, da ɗumi. Ban juya ba na ce, "Kin riƙe dogon layin nan na ƙarshe har ya ƙare." Ta ce, "Kin lura?" Na ce ai ba kurma ba ce ni.

Daga nan aka tafi gidan Yaya, aka ci aka sha, 'yan uwan Inna suka tilasta wa Auta ya yi waƙa da sauti, ya yi, yaransa suka toshe kunne. An ce na yi dariya. Wataƙila.

Litinin, 23 ga wata, bakwai na safe

Uwata ta zo jiya bayan sujada. Ba jaka a hannunta, abin da na fara dubawa ke nan.

Ta ci abinci a zaune wannan karon. Ta wanke kwanuka, ta mayar da gishiri wurinsa ba tare da kowa ya ce mata ba. Ta kwanta kusa da Inna wai za ta ɗan huta, barci ya kwashe ta, baki a buɗe. Na tsaya a ƙofa har Inna ta ce in shigo ko in tafi, ina tare mata iska.

Ba mu yi maganar Lahadin nan ba. Da ta tashi, a kicin, ta ce, "Mama, zan riƙa zuwa. Amma ba zan daina ganin sa ba." Na ce na ji. Ta jira ko akwai saura. Na ce ta miƙo mini murfin tukunya.

Wajen biyar wayarta ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Na leƙa ta tagar kicin. Wata tsohuwar mota tana tsaye can ƙarshen layi, nesa da ƙofata, inda ya san ya kamata ya tsaya. Shi zai mayar da ita gidan Yaya.

Na ce ta dakata. Na ɗauko kwano mai murfi na zuba mata abinci. Kwano ɗaya, na mutum ɗaya, na gaya mata haka da bakina. Ta tsaya tana kallona ina dannawa, ina ƙarawa, murfin ya ƙi rufuwa, sai da na ɗaure shi da tsumma.

Ta ce, "Mama, wannan ai ya fi ƙarfina."

Na ce, "Abin da ya rage ki zubar."

Ta karɓa da hannu biyu. Na bi ta da ido har ta kai motar, ya miƙo hannu ya buɗe mata ƙofa daga ciki, ta zauna ta ɗora kwanon a cinya. Na saki labule.

Kwanon nawa ne, mai kyau ne, kuma ina son abina ranar Lahadi.